Angurya a Gindin Turken Gabas

Lahadi, 28 ga Mayu 2000, da hantsi

Ba a ƙarasa wasan jiya ba. Muna da ci ɗaya, Kabo ba su da ko ɗaya, saura ƙiris a tashi. Abin da zan rubuta wa ofishin lig ke nan a matsayina na kocin ƙungiyar Auduga ta Gwarzo, kuma ba ƙarya a ciki.

Gregory, golanmu, yana asibiti a Kano. An ce kai ne da hannuwa biyu. A bas ɗin ƙungiya muka sa shi, a kujerar baya inda ake jibge ƙwallaye. Hammadu direba ya ja, Hanna matar Gregory ta tallafe kansa a cinya. Ban bi su ba. Na ce sai na tattara 'yan wasa, alhali kafin in juya kowa ya tsallake katanga ya kama gabansa.

Koriyar jesinsa tana wurina. Gwamma matata ta ce in kawo ta jiƙa mini ita da gishiri. Na ce ta kula da tukunyarta.

Lahadi, bayan la'asar

An kama Uwaisu, ɗan wasan gaba na Kabo, mai lamba tara. Wai a kan Gregory aka same shi, jini har wuya. E, a kansa aka same shi.

Litinin, 29 ga Mayu, bayan asuba

Inna ta tare ni a zaure tana cigiyar fartanyar Baba. Tun da ya rasu a ƙusa ɗaya take rataye, mai ƙotar nan da ya naɗe da robar tayar keke. Ta ce hadari ya fara haɗuwa, kada ruwa ya sauka a rasa abin gyaran gona. Na ce wataƙila maƙwabta suka ara. Ta ce wane maƙwabci ne zai shigo ya ɗauka ba sallama. Na ce ta tambayi Ƙasim.

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Ƙasim ƙanena ne ciki ɗaya, shi ne golanmu na biyu, kuma tun ranar Asabar bai sa hannu a kwanon gidan nan ba.

Talata, 30 ga Mayu, da azahar

Yau samarinmu suka nuna wa duniya cewa su masu kishi ne. Sun yi gayya sun dira a tasha, duk wanda aka ce mutumin Kabo ne ya shiga uku. Sun kife teburan masu rake, sun cinna wa rumfa biyu wuta. Wani bawan Allah daga Dugabau ya kawo tumatir a kwando, mutumin da na tabbata bai san ko ƙwallo mai kusurwa huɗu ba ce, suka kwantar da shi a kan tumatirinsa suka yi ta duka da icen rumfa. Da aka ɗago shi ba ka bambance jini da ruwan tumatir. Haƙoransa na gaba suna ƙasa, wata tsohuwa ta tsince su ta ƙulle masa a bakin riga.

Suna dukan suna ihun "Katanga! Katanga!" Sunan da 'yan kallo suka laƙaba wa Gregory ke nan, don ba abin da ke wuce shi. Na tsaya a bakin shagon faci ina kallon bakunan. Na san su ɗaya bayan ɗaya, wasu ni na koya musu karatu a firamare. Ranar Asabar wani abin daban suke ihu da waɗannan bakunan.

Ban ce kowa ya bari ba.

Laraba, 31 ga Mayu, bayan la'asar

Baba Datti ya sa an jawo shi har ƙofar gida. Ido ya tafi, ƙafa ta tafi, baki ne kawai bai yi ritaya ba. Shi ne golan farko na ƙungiyar nan. Ko tabarmar da na shimfiɗa bai jira ba ya fara.

"Bashari, wai da gaske ne cewa suka yi asiri yaron nan Gregory yake binnewa?"

"Haka aka ce, Baba."

"A filin Idi?"

"A gindin turken raga na gabas, daidai inda liman ke tsayawa."

"Kai jama'a! Angurya ce fa! 'Ya'yan auduga! Ni na fara zuba ta da hannun nan nawa, kuma a lokacin ni ne ladan a masallacin gidan gurza. Duk garin nan ba wanda ya buɗe baki ya faɗa musu?"

Na ce hayaniya ta yi yawa.

Daga nan ya ɗauko tarihi, kamar ban san shi ba. Na ƙyale shi, don na fi son in ji wannan da abin da ke kaina. Ma'aikatan gidan gurzar auduga suka kafa ƙungiyar a 1978. Ba su da fili, sai aka ara musu filin Idi bisa sharaɗin su tuge turaku ranar jajibere su mayar bayan sallah, kuma har yau haka ake yi. Turakun ma bututan ruwan gidan gurzar ne aka yanka aka shafa wa farin fenti. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, lokacin da ake bin layin sabulu da madara da bulala a baya, aka garƙame gidan gurzar aka sallami kowa. Ranar da aka rufe, Baba Datti ya share ragowar angurya daga ƙarƙashin injin ya cika wata 'yar jakar fata. Da yamma suna da wasa, mutum goma sha ɗaya marasa aikin yi. Kafin a hura usur ya durƙusa ya tona gindin turke da yatsa, ya zuba kaɗan ya rufe, ya ce wa sauran muddin irin nan yana cikin ƙasar nan ba a rufe mu ba. Suka ci wasan. Shi ke nan abin ya zama doka.

Jakar ba ta koci ba ce, ba ta shugaba ba ce, ta gola ce. In gola zai ajiye safar hannu, shi zai miƙa wa na bayansa da hannunsa. Baba Datti ya ba Hammadu direba, Hammadu ya ba ni. Da ita a aljihun wando na tsaya a raga shekarar da muka hau rukunin ƙwararru, muka je Jos da Makurdi muna kwana a azuzuwan makaranta muna jiƙa gari da ƙuli, aka ce wai mu ne masu cin abinci da ƙwallo. Da ita muka faɗo. Da gwiwata ta ƙi, na miƙa wa Gregory. Ƙasim yana tsaye a gefe ranar, ya daɗe bai gaishe ni ba. Gregory ya fi shi, ko yau aka sake tambayata haka zan ce.

Baba Datti ya ce, "Ƙaninka ai ya sani. Shi ke zuwa gonata duk shekara ya ɗebo musu sabuwa."

Na ce rana ta yi sanyi, a mayar da shi gida.

Alhamis, 1 ga Yuni, da magariba

Ban je Kano ba. Fartanyar ba ta zaure.

Juma'a, 2 ga Yuni, bayan an sauko

Malam Dalhatu ya yi huɗuba a kan mai ɓoye shaida. Duk abin da ke duniya na huɗuba, ga tsadar mai da aka ƙara, ga Shari'a da za a ƙaddamar a Kano cikin watan nan, bai ga na ɗauka ba sai wannan. Na zuba wa tabarma ido har na san yawan ramukanta.

Ƙasim yana sahun gaba da sabuwar hula, cikin samarin da ke haɗa motocin zuwa taron ƙaddamarwar. Bayan sallama ya yi ta gaisawa da mutane hannu bibbiyu. Hannuwansa lafiya lau.

Ni ba abokin gabar Shari'a ba ne, Allah shi ne shaida, da ni aka yi ta murna. Amma tun abin da ya faru a Kaduna a watan Fabrairu ido ya canja a garin nan. Gregory a nan aka yanke masa cibi. Babansa, malamin makaranta daga Zonkwa, shi ya koya mini lissafi da carbin dorina. Hausar Gregory ta fi ta wasu masu rawani. Sai ga shi a majalisa ana cewa wai me arne ke tonawa a alƙiblar Musulmi duk ranar wasa. Da aka kawo mini maganar dariya na yi har da riƙe ciki. Na ce wa mai kawowar ya je ya tambayi kakarsa.

Lahadi, 4 ga Yuni, da hantsi

Sun ƙone bas.

Lahadi, bayan la'asar

Hammadu yana dawowa daga Kano, ya kai wa Hanna kayan sawa da garin kunu. Samarin Kabo suka tare hanya da gungumen ice. Ai bas ɗin ba ya ɓoyuwa, ga hoton ƙullin auduga ɓaro-ɓaro a jikinsa. Suka fara da duwatsu, suka fasa gilashi, suka jawo shi ta taga. Mutum mai furfura, mai jikoki. Sun sare shi a kafaɗa da adda, sun yanke masa rabin kunne, suka ce ya kai wa Gwarzo saƙo: a sako Uwaisu ko a shirya likkafani da yawa. Wani mai amalanke ya kawo shi.

Na je na gan shi a kemis ana masa ɗinki ba allurar kashe zafi. Yana cije da hularsa. Da ya ga ni ne ya tofar da ita ya ce, "Koci, yaron yana numfashi amma bai farka ba. Hanna ta tambaye ka."

Wannan bas ɗin da kuɗin fatun layyar gari aka saye shi shekarar da muka hau. Ya fi yawan turi da tafiya, na zage shi ya fi a ƙirga. Yau na yi masa kuka a bayan kemis kamar wani sakarai.

Talata, 6 ga Yuni, da azahar

Baƙo daga Gude ta ƙasar Kabo. Tsoho ne siriri a kan keke, ya ratso garin nan da ake farautar mutanensu, hularsa a karkace, ko a jikinsa. Mahaifin Uwaisu. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta, ya tambayi mai jiki, ya yi mini jajen bas da 'ya'yan garinsu suka ƙone. Sannan ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Malam Bashari, an ce mini kai kana bayan raga lokacin da abin ya faru."

"Ina wajen, Baba."

"Yarona ya ce mutane ne suka ɓallo daga ɓangaren 'yan kallonku da abin tono. Ya ce da ya ga an kai golan ƙasa sai ya faɗa kansa ya rufe shi da jikinsa. Bayansa duk shaidar duka ce, na gani da idona. Amma ba mai saurarensa, ba kuma wanda ya fito daga garin nan ya ce haka ne. Ni ban zo in sa ka faɗi abin da ba ka gani ba. Abin da ka gani kawai, don Allah don Annabi."

Na ce mutane sun yi yawa, Baba, ban tantance kowa ba.

 Bai ƙaryata ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce to Allah ya bayyana gaskiya, na ce amin da bakin nan nawa. Ya kwance wata 'yar ƙwarya daga bayan keke, ƙwan zabi ne, ya ce a ba yara.

Gwamma tana bayan ƙyaure, ta ji komai. Ta ce, "Malam, ni ba zan dafa ƙwan nan ba." Na daka mata tsawa har 'yarmu Rukayya ta fashe da kuka. Ƙwan suna nan a kan taga.

Alhamis, 8 ga Yuni, da safe

An shiga yajin aiki saboda kuɗin mai. Ba mota ko ɗaya a tasha, ba mai zuwa Kano. Da na ji sai da na ce alhamdu lillahi, sannan na tsaya ina tambayar kaina godiyar ta mece ce.

Asabar, 10 ga Yuni, bayan asuba

Fartanyar ta dawo. Tana rataye a ƙusarta, an wanke ta tas, an sake mata sabuwar ƙota fara. Inna ta wuce ta gabanta da buta, ta wuce ta dawo, ba ta ce uffan ba. Matar da ta hana gidan nan sakat da cigiya.

Asabar, da la'asar

Na ritsa Ƙasim a zaure yana goge takalmi. Na tambaye shi ina tsohuwar ƙotar. Ya ce ta tsage. Na ce a kan me ta tsage. Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, yaron da na goya, ya ce, "Yaya, kai me ka gani?"

Ban san lokacin da na shaƙe shi ba. Na haɗa kansa da bango, na sake haɗawa, na bi shi da mari har hannuna ya mutu. Bai rama ba, bai kare ba, ya saki hannuwa kamar wanki. Wannan ya ƙara tunzura ni. Na kai shi ƙasa na danne ƙirjinsa da gwiwar nan mai ciwo, hancinsa yana zuba, ni kuma ina ta faɗin abu ɗaya, ka san ko mece ce, ka san ko mece ce. Sai da Inna ta zo ta kwanta a kansa ta rufe shi da jikinta na tsaya. Na tsaya ne don na taɓa ganin wannan hoton.

Ta ce, "Kashe shi za ka yi? To haɗa da ni. Ku biyu kaɗai Allah ya bar mini."

Ba ta tambayi abin da ya haɗa mu ba.

Litinin, 12 ga Yuni, da magariba

An yi ruwan farko mai ƙarfi. Kowa ya tafi shuka. An jefi gidan su Justice mai gyaran rediyo, sun kwashe sun tafi Jos a motar shanu. An kuma tsinci wani ɗan Gwarzo a hanyar Kabo da karaya biyu. Na daina tambayar wa ya fara.

Ƙwan zabin sun fara wari. Ba wanda ya taɓa su.

Alhamis, 15 ga Yuni, bayan isha'i

Na je.

An janye yajin aiki, dabara ta ƙare mini. Gregory ya farka tun shekaranjiya. Ba don Hanna na zaune a gefen gadon ba da na wuce shi. Kan ya kumbura an naɗe, ido ɗaya a rufe da auduga, hannuwan biyu a cikin filasta har gwiwa, an ɗora su a kan filo kamar ba nasa ba. Likita ya ce da hannun ya riƙa karewa.

Hanna ba ta amsa gaisuwata ba sai a ta uku. Ta ce, "Baban Rukayya, sai yau? A gidanku na yi wankan jego, Inna ce ta gasa mini jiki. Ko a aiko a ce yaya mai jiki."

Ya motsa baki, na sunkuya. Muryar kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Koci, mun ci wasan?"

"An soke shi."

"Kash. Ai mun riga mun ci." Ya huta. "Uwaisu ne ya kwanta a kaina. Ka faɗa musu su sake shi."

"Kai ka faɗa musu mana."

"Na faɗa. Sun ce kaina bai dawo daidai ba. Sun ce to in ba shi ba ne wane ne. Na ce ban ga fuska ba."

Ya dube ni da idon nan guda. Na jira ya ƙarasa, bai ƙarasa ba. Mutumin da yake gane inda ɗan wasa zai buga fenariti tun daga yadda ya ajiye ƙafa, wai bai ga fuska ba.

Sai ya ce wa Hanna ta ɗauko. Ta ƙi. Ya sake cewa. Ta zaro jakar fatar daga ƙarƙashin filo ta jefa mini a cinya, ta fita waje. A cikin safarsa aka same ta, ta yi baƙi ta gefe ɗaya.

"Ni na gama tsaron raga, Koci. Doka ta ce gola ya miƙa da hannunsa, ga shi ba ni da hannu. Ka ara mini naka. Ka ba Ƙasim."

Na ce ya bari sai ya warke.

"Shi ne na bayana. Ba wani golan. Ka ce masa ni na ce."

Ban gane ba ko yafiya ce ko kuwa ita ce mafi munin abin da zai iya yi masa. Har na sauka a tasha ban gane ba.

Asabar, 17 ga Yuni, da hantsi

Jakar tana aljihuna. Ƙasim ya wuce ni sau biyu.

Lahadi, 18 ga Yuni, da azahar

Gregory ya cika da safe. Hanna za ta kai shi Zonkwa.

Litinin, 19 ga Yuni, bayan la'asar

Yanzu magana ta koma kisan kai. An ce za a wuce da Uwaisu Kano cikin satin nan. An ce ya daina cin abinci. An ce a Kabo maƙera sun bar yin fartanya suna wasa adduna, a nan kuma samari suna cika kwalabe da fetur ɗin da ba a samu a zuba a mota.

Na rasa inda zan sa kaina, sai na tafi fili. An tuge turken gabas an jefar a cikin ciyawa. Ramin da suka tona yana nan, ya kai gwiwa, sun baje ƙasar ko'ina suna neman layar da za su nuna wa duniya. Ruwa ya sauka a kai. Duk inda ƙasar ta faɗi auduga ta tsiro, 'yan ganye bibbiyu, cunkus kamar an yi yayyafin iri.

Na tarar da Malam Dalhatu a tsaye a wurin, hannu a baya. Ya ce shekara da shekaru yana jan sallar Idi a nan, kowace damina yana ganin tsiron nan a gindin turke, bai taɓa ɗauka wani abu ba ne. Ya ce da an tambaye shi. Na ce ni ma da an tambaye ni. Ya juyo ya ce, "Kai ai an tambaye ka, Malam Bashari."

Na yi kamar ban ji ba, na ɗauki turken na jingine shi da katanga.

Laraba, 21 ga Yuni, bayan magariba

Tun asuba motoci ke fita zuwa Kano wajen ƙaddamar da Shari'a, ana kabbara, gari kamar an share. Ƙasim ya fito da farar shadda yana ƙamshi, tabon dukana bai gama bajewa a goshinsa ba. Na tare ƙofar zaure. Na zaro jakar na miƙa masa.

"Gregory ya ce in ba ka. Ya ce kai ne na bayansa."

Ya mayar da hannuwansa baya.

"Gola ba ya ɓoye hannu. Karɓi."

Ya karɓa. Ya juya ta ya ga inda ta yi baƙi. Sai ya sulale ya zauna a ƙasa da farar shaddar.

"Yaya, wallahi tonowa kawai aka ce za a yi. A tono a nuna, a kore shi daga raga, shi ke nan. Shi ne ya riƙe ƙotar ya ƙi saki, yana kiran sunana, mutane suna ta ihu a bayana."

"Ka san angurya ce."

Ya ci gaba da juya jakar a hannunsa.

"Ƙasim, ka san angurya ce?"

"Na sani."

Na ce ya tashi mu tafi caji ofis tare, zai fi masa sauƙi. Ya ƙanƙame jakar a ƙirji yana girgiza kai. Inna ta fito ba ɗankwali, rabon da in ga kanta a buɗe tun ina yaro. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Bashari, wanda ya tafi ya tafi. In ka ƙetare dokin ƙofar nan da abin da ke bakinka, ban yafe maka nonona ba."

Ina tsoron wannan kalmar fiye da wuta. Na durƙusa na ce ta yi mini aikin gafara, akwai wata uwar a Gude. Ta ce ita ba ta san Gude ba. Gwamma ta miƙo mini hulata.

A caji ofis mutum ɗaya na tarar a kanta, sauran an kwashe su zuwa Kano. Na ce na zo ba da shaida a kan abin da ya faru a filin Idi. Na faɗa masa daga farko: ta inda aka ɓallo, abin da ake ihu, wanda ya faɗa a kan gola ya rufe shi, da wanda ke riƙe da fartanya. Yana rubutawa a hankali, biro yana ƙin yi yana hura masa iska. Ya ce sunan mai fartanyar. Na ce Ƙasim Haladu. Ya rubuta. Ya ce sunan mai ba da shaida. Na ce Bashari Haladu.

Ya ɗago kai ya ce in sake faɗa. Na sake faɗa.

Juma'a, 23 ga Yuni, da hantsi

An saki Uwaisu, a kan keken babansa aka tafi da shi. A zaure 'yan sanda suka sami Ƙasim, bai gudu ba, jakar tana hannunsa, suka bar masa ita.

Gwamma ta kai wa Inna koko, an dawo da kwanon ba a buɗe ba. Fartanyar ba ta zaure, sun tafi da ita. Inna ba ta tambaya ba.